Muna Chennai da Hajiya, saura kwana 16 likita ya bar mu mu tafi: ina za mu kai ta?

Dan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa zama a Chennai. Na kawo Hajiyarmu aikin gwiwa, an yi lafiya alhamdulillahi, har an sallame mu daga asibiti, amma likita ya ce ba maganar hawa jirgi sai ya sake duba ta nan da kwana 16. Mun kama ɗaki kusa da asibitin. Da safe mai gashin ƙashi yana zuwa ya yi mata awa ɗaya, daga nan shi ke nan, sai zama. Jiya bayan la'asar ta dube ni ta ce, "Wai duk faɗin garin nan ba abin gani sai asibiti?" Maganar ta tsaya mini a rai, domin mace ce da a gida ba ta wuni a ɗaki. Tana takawa kaɗan da sanda, kuma muna da keken tura marasa lafiya. Likita ya ce fita ba laifi in dai ba za ta gaji ba. Ina ya dace mu je? Kuma wannan Mahabalipuram da mai masaukinmu yake ta yi mana talla, ya kai a ɗauki dattijuwa mai sabon ɗinki a je?

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Mun yi wata biyu a can da maigidana a 2019. Ka fara kai ta bakin teku, Marina. Kada ku je da rana, ku bari sai wajen ƙarfe biyar in iska ta taso. Ni ranar da na fara ganin ruwan nan kuka na yi, don ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi. Yashin yana da faɗi sosai, daga titi zuwa bakin ruwa tafiya ce, shi ne kawai abin da nake ji mata.

Dalibi_a_Madras:
Hajiya Maman Ilham, bayan tafiyarku an gyara wannan. A ƙarshen 2022 aka buɗe wata hanya ta katako a kan yashin saboda masu keken guragu da tsofaffi, tana kai mutum har dab da ruwa. Yaya Dan_Fagge, ka ce wa direba ya sauke ku daura da Vivekananda House, a nan kusa take. Gargaɗi ɗaya: kada kowa ya shiga ruwan. An hana iyo a Marina saboda igiyar ƙarƙashi tana ja, kuma ana rasa rayuka. Sannan tunda muna Janairu ku kula da bikin Pongal na tsakiyar wata. Rana ta huɗu ta bikin duk gari bakin teku ake kwararowa, ba masaka tsinke. Ranar ku zauna a gida.

Bakatsine77:
Marina ai ita ce bakin teku mafi tsawo a duniya, haka direbanmu ya gaya mana.

Dalibi_a_Madras:
A'a Malam, na Cox's Bazar a Bangaladash ya ninka ta sau da yawa. Marina in an haɗa da abin da ya miƙe kudu wajen kilomita 13 ce. Tana da tsawo ƙwarai a matsayinta na bakin teku a tsakiyar birni, iyakarta ke nan.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ɗana, ni shekara takwas ina zuwa saro kaya, bari in gaya maka abin da zai faranta ran uwa: kasuwa. Ka kai ta T. Nagar. Amma kada ka kuskura ka shiga da ita titin Ranganathan, cunkosonsa ya fi na Kantin Kwari ana jajibirin salla, za a buge mata ƙafa. Ku shiga manyan shagunan siliki masu hawa-hawa, akwai na'urar hawa bene, akwai sanyi, za a ba ta kujera a riƙa shimfiɗa mata kaya a gabanta ɗaya bayan ɗaya. Ko ba ta saya ba za ta ji daɗi. Silikin asali na Kanchipuram ne, garin masaƙa, tafiyar kilomita 75 daga nan. Za ka gane shi da nauyi, kuma bakin zanen daban ake saƙa shi a haɗa da jikin.

Wani abin da mutanenmu ba su sani ba, zanen George ɗin nan da matan Ibo da Kalabari suke ɗaurawa a biki, asalinsa daga wannan yankin ne. Tun zamanin jiragen ruwa ake kai yadin Madras, tsohon sunan Chennai ke nan, gaɓar Neja-Delta.

Malamin_Tarihi:
Hajiya ta taɓo inda nake so. Ana danganta sunan zanen da ganuwar Fort St. George, wadda daga ita birnin ya tsiro. A 1639 wani Baturen kamfanin East India mai suna Francis Day ya samu izinin wani ɗan fili a bakin teku daga masu mulkin yankin, aka kammala ganuwar farko a 1644. Yadi suka zo saye, ba mulki ba. Daga rumbun ajiye kaya aka koma ajiye soja, daga nan aka koma karɓar haraji. Duk wanda ya karanta yadda kamfanin Royal Niger ya share wa Lugga hanya a ƙasarmu zai ga salon ɗaya ne, sai dai nasu ya riga namu da fiye da shekara 200.

Ganuwar tana nan, a cikinta majalisar dokokin jihar Tamil Nadu take zama, saboda haka akwai bincike a ƙofa, ka riƙe fasfo. Akwai ɗan gidan tarihi mai makamai da kuɗaɗe da hotunan gwamnoni, akwai kuma cocin St. Mary's da aka buɗe a 1680. A nan aka ɗaura auren Robert Clive a 1753. Elihu Yale, wanda jami'ar Yale ta Amurka ta ci sunansa, gwamna ne a wannan ganuwa, a nan ya tara dukiyarsa. Faransawa ma sun taɓa ƙwace ta a 1746 suka riƙe shekara uku. Sunan Madras kuwa sai a 1996 aka canza shi zuwa Chennai.

Maman_Ilham:
Malam, duk wannan daidai ne, amma ka tuna dattijuwa ce mai ciwon gwiwa. Gidan tarihin ganuwar bene ne. Ni da ƙafata lafiya sai da na huta a tsakiya.

Malamin_Tarihi:
Gaskiyarki Hajiya. To shi ya je shi kaɗai wata safiya in ta samu barci. Amma kada ya je ranar Juma'a, a rufe yake. Haka ma babban gidan tarihi na Egmore, wanda aka kafa tun 1851, Juma'a ce ranar hutunsa. Ni na taɓa shirya zuwa bayan masallaci na tarar da ƙofa a garƙame.

Abu_Hanan:
Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni dai ina da magana kan Mahabalipuram ɗin da ya tambaya, kuma ba wanda ya taɓa ta. Wurin nan ɗakunan bauta ne da gumaka, ba wani abu ba. Allah ya tashi kafaɗar mahaifiyarka, maimakon godiya sai ka ɗauke ta ka kai ta kallon abin da ake bauta wa koma bayansa? Haka gidan tarihin Egmore, abin da ya yi suna da shi gumakan tagulla ne. Garin Chennai yana da masallatai, yana da teku, yana da gidan namun daji. Waɗannan sun isa.

Na_Damagaram:
Malam Abu Hanan, na fahimci kishinka, Allah ya saka. Amma a raba abu biyu. Akwai ɗakin bauta da ake ibada a cikinsa yanzu haka, kamar Kapaleeshwarar na unguwar Mylapore. Wannan su kansu ba sa barin wanda ba Hindu ba ya shiga can ciki, ni ma ban shiga ba, daga titi na ga hasumiyarsa na wuce. Akwai kuma kufai. Abin da ake zuwa gani a Mahabalipuram kufai ne a hannun hukumar adana kayan tarihi ta Indiya, da tikiti ake shiga. Sarakunan Pallava da suka sassaƙa shi a ƙarni na 7 da na 8 sun mallaki wannan gaɓa, jiragensu suna kaiwa har ƙasashen gabas mai nisa. Yau ina suke? Ni da na tsaya a wurin ayoyin da suka ce a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi ƙarshen waɗanda suka gabata su ne suka zo mini.

Abu_Hanan:
Ayoyin suna nan, amma akwai kuma abin da ya zo kan wucewa ta gidajen Samudawa, cewa kada a shiga sai ana kuka. Mutanenmu in sun je hotuna suke ɗauka suna dariya. Wa'aztuwa daban, yawon buɗe ido daban.

Ummu_Sumayya:
Don Allah malamai kada zancen ya koma wani wuri, bawan Allah shawara ya nema. Yaya Dan_Fagge, wannan ka tambayi malamin da ka natsu da shi, ka kuma tambayi Hajiya ita kanta, ta fi mu sanin abin da zuciyarta za ta ɗauka. Ni abin da zan ƙara shi ne abinci, don na san halin da masu jinya ke shiga. Mahaifina ya yi sati ba ya cin komai sai shayi da burodi. Ranar da wata ma'aikaciyar jinya ta kawo masa wani abu da suke kira paniyaram sai ga shi ya tashi zaune. Waina ce sak! Ƙullun shinkafa ne da wani irin wake, a bar shi ya kwana ya tashi, a soya a tanda mai gurabe irin tamu. Dosa kuma ɗan'uwan sinasir ne, sai dai ya fi shi sirantaka. Idli shi ne ƙullun da aka turara ba mai, ya dace da mara lafiya. Ka nemo mata, ka ce kada a sa yaji a miyar.

Bakatsine77:
Wallahi kin tuna mini. Ni biriyani na riƙa ci a Triplicane kullum. Unguwar Musulmi ce, naman halal ko'ina, har na sa ana samu.

Dalibi_a_Madras:
Tunda an zo Triplicane, a nan Babban Masallacin Wallajah yake, na gidan Nawab na Arcot, sarakunan Musulmi na yankin a da, an gama shi a 1795. Da dutse zalla aka gina shi, ba katako ba ƙarfe, kuma yana da fili mai faɗi a gaba, mota tana shiga. Da azumi a can nake buɗe-baki. Ana raba wani kunun shinkafa da suke kira nombu kanji. Abin da ya fi ba ni mamaki a shekarata ta farko, wasu daga cikin masu ɗauko bokitan abinci suna zuba mana Hindu ne, daga wani wurin ibadarsu a Mylapore, kuma sun shafe shekaru masu yawa suna yin haka duk Ramadan. Akwai kuma masallacin Thousand Lights a kan titin Anna Salai, na 1810, wannan na 'yan Shi'a ne, na faɗa don ka sani kafin ka je.

Dan_Fagge:
Na gode ƙwarai 'yan'uwa, ina karantawa ina rubutawa a takarda. Hajiya Ummu Sumayya, yanzun nan na sauka na samo wainar, ta ci guda bakwai, ta ce in yi miki godiya. Malam Abu Hanan da Malam na Damagaram, na karanta mata maganganunku duka biyu, ta yi shiru, ta ce za ta yi tunani. Amma har yanzu ba wanda ya gaya mini yanayin wurin. Keke zai shiga?

Injiniya_Kaduna:
Bari in amsa maka wannan, sau biyu na je. Tafiyar kilomita kusan 60 ce kudu ta hanyar bakin teku da suke kira ECR, awa ɗaya da rabi in kun fita da sassafe. Ka ɗauki shatar mota ta wuni, kada ka hau bas da ita.

Wurin ba guda ɗaya ba ne, a warwatse yake, kuma ba duka ne zai yi mata ba. Babban dutsen da aka sassaƙe fuskarsa, wanda ake kira Arjuna's Penance, a bakin titi yake, ko daga cikin mota za ta gani. Tsawonsa ya kusa mita 30, tsayinsa wajen 13, an cika shi da mutane da dabbobi, ga giwaye manya da 'ya'yansu a ƙarƙashinsu. Akwai tsaga a tsakiyar dutsen, masu aikin suka mayar da ita kogi mai saukowa. Gaba kaɗan akwai wani mulmulallen dutse, tsayinsa kamar mita 6, yana zaune a kan gangare kamar yanzu zai mirgino, kuma haka yake tun fil azal. Shi ma ana hango shi daga ƙasa. Ɗakin bautar da ke bakin ruwa, Shore Temple, na zamanin sarki Rajasimha ne a farkon ƙarni na 8, akwai shimfiɗaɗɗiyar hanya zuwa wajensa, za ka iya tura ta. Inda zai ba ku wahala shi ne Pancha Rathas, don cikin harabar yashi ne.

Amma ni a matsayina na mai aikin gini, Rathas ɗin nan su suka hana ni barci. Ba ginawa aka yi ba. Dutse ne a zaune aka fara sara daga sama ana saukowa, har aka fitar da ɗaki da rufi da ginshiƙai, guda biyar, kowanne da fasalinsa, ga giwa guda a gefe ita ma daga dutse ɗaya. In ka yi kuskure ba gyara, ba ciko. Kuma dutsen irin mai taurin nan ne na Zuma, ba mai laushi ba. Wasu ba a ƙarasa su ba, za ka ga sama ya gama kyau ƙasa kuwa har yanzu ɗanyen dutse da alamun kurfi. UNESCO ta sa wurin a jerinta a 1984. Har yau garin cike yake da masassaƙa, tun daga bakin gari za ka ji ƙarar guduma.

Lokacin da na je baƙo rufi 600 yake biya, ɗan ƙasa 40, tikiti ɗaya ya ishe ka wuraren duka a rana ɗaya.

Bakatsine77:
600 da 40? Wannan ai zalunci ne.

Malamin_Tarihi:
Ni ban ga zalunci ba. Da kuɗin ake share wurin, ake biyan masu gadi, ake wanke gishirin teku da ke cin dutsen. Bakatsine, ka dubi Gobarau a garinku, ka dubi badalar Kano yadda aka yanka ta aka yi filaye, ka dubi Karofin Ƙofar Mata. Da muna karɓar kuɗi hannun baƙi muna zubawa a gyara da ba haka ba. Nijeriya wuri biyu kacal gare ta a jerin UNESCO, Sukur da kurmin Osun. Agadas ta shiga a 2013 saboda mutanenta sun riƙe ginin ƙasarsu.

Na_Damagaram:
Haka ne Malam, a Agadas duk bayan 'yan shekaru ana sake yaɓe hasumiyar masallacinsu. Dan_Fagge, in kun bi ECR akwai wani gari Kovalam a hanya, ƙauyen masunta, da wata hubbare da mutanen wurin suke cewa ta wani sahabi ce mai suna Tamimul Ansari. Faɗarsu ce na kawo maka. Akwai masallaci a wurin, za ku iya tsayawa azahar.

Abu_Hanan:
Wannan danganawar tana buƙatar hujja, a yi hattara. In dai hanyar za ku bi, ga abin da ba jayayya a kansa: gidan kadoji na Crocodile Bank, yana kan titin, kilomita 40 daga gari. Na kai yarana. Kadoji iri-iri, har da mai dogon siririn baki na kogunan arewacin Indiya. A ciki akwai 'yan ƙabilar Irula masu kama macizai, a gabanka suke tatsar dafi, da shi ake haɗa maganin sara, bayan 'yan makonni su mayar da macijin daji. Na tuna manomanmu na Kaltungo da abin da suke sha. Litinin ba sa buɗewa.

Maman_Ilham:
Wani abu da na manta. Ka yi hankali da masu A Daidaita Sahu. Wani ya ɗauke mu daga bakin teku, muka yi ciniki, da muka iso ya ce kuɗin na mutum ɗaya ne. Maigidana ba lafiya, ba ƙarfin musu, muka biya. Ka riƙa kira ta manhajar waya, kuɗin yana fitowa tun kafin ka hau. Kuma ɗan Indiyancin da muka tsinta a fim bai yi mini amfani ba ko kaɗan.

Dalibi_a_Madras:
Ai Hajiya nan Tamil ake yi, ba Hindi ba, kuma suna da kishin harshensu matuƙa, a 1965 har tarzoma aka yi kan yunƙurin ɗora musu Hindi. Turanci ya fi yi maka aiki. Ka riƙe kalma biyu, vanakkam ita ce sannu, nandri ita ce na gode, za ka ga fuska ta sake. A Daidaita Sahun kuwa ba baƙonmu ba ne, kamfanin TVS da kekunansa suka cika titunan Kano hedikwatarsa a nan Chennai take.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Kun yi sa'ar lokaci ma. Da a Mayu kuka zo da ba mai ce maka ka fita da ita, zafi da gumi kamar a tukunya. Daga Oktoba zuwa Disamba kuma ruwa, a 2015 har filin jirgi sai da ya cika aka rufe. Janairu ita ce daidai.

Dan_Fagge:
Salam. Na dawo da labari. Shekaranjiya mun je Marina, mun samu hanyar katakon kamar yadda ƙanina ɗalibi ya kwatanta. Na tura ta har ƙarshe. Ta daɗe tana kallon ruwan ba ta ce komai ba, sai tasbihi. Da magariba ta yi na ce mu tafi, ta ce a ƙara mata minti goma. Jiya Juma'a na yi salla a Wallajah.

Maganar Mahabalipuram, ta yanke da kanta. Ta ce za ta je ta ga dutsen da ya ƙi faɗuwa da giwayen bakin titi da kadojin Malam Abu Hanan, amma ba za ta shiga harabar ɗakin bauta ba, za ta jira ni a mota. Mai gashin ƙashi ya ce mu bari sai Laraba, kuma a riƙa tsayawa tana miƙe ƙafa. Injiniya, in mun bar gari ƙarfe bakwai, kadojin za mu fara ko mu wuce mu tsaya a dawowa?

Injiniya_Kaduna:
Ku wuce kai tsaye, dutsen yana ɗaukar zafi da wuri, kafin sha ɗaya ku gama da shi. Kadoji a dawowa, akwai inuwar bishiyoyi a can. Ka tafi da ruwa da lema, da ɗan matashi da za ta ɗora ƙafar a kai.

Ummu_Sumayya:
A gaida Hajiya da jiki. In kun tsaya cin abinci a hanya ka ce a ba ta kifi soyayye, na ranar ne, amma ka ce a rage barkono.